Akwatin da Ta Ƙi Buɗewa

Jiya da safe shugaban cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara ya sa an ɓalle kwaɗon akwatin da Malama, mai sauraron damuwar yara a cibiyar, take ajiye bayanan yaran da take gani a ciki. Kwana tara ke nan da rasuwarta, ranar Talata, huɗu ga wannan wata, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Malama, ba zan yi miki ƙarya a kabari ba: na daɗe ina jin haushinki. 'Yata tana da shekara goma sha biyar lokacin da ta daina cin abinci, ta daina magana, muka kawo ta wurinki. Bayan zama na uku na shigo ofishinki na ce ki faɗa mini abin da take gaya miki. Ni ɗan jarida ne, aikina tambaya ne, kuma ban saba a hana ni amsa ba.

"Ni na haife ta," na ce.

"Ba wanda ya yi maka gardama, Baban yarinya. Zauna, kujerar ba ta cizo," kika ce. "Ranar da na ji abin da zai cutar da ranta, kai zan fara kira. Sauran kuwa nata ne."

Na fita ban yi miki sallama ba. Bayan wata biyar yarinyar ta zauna kusa da ni, ta faɗa mini da bakinta abin da ta ga dama. Yau tana jami'a. Ban taɓa dawowa na gode miki ba, wannan kuma laifina ne.

Amma akwai waɗanda nasu laifin ya fi nawa. Shugaban da ya tsaya a gidanku ranar jana'izarki yana share hawaye, shi ne ya kira aikinki "hira da yara". Shi ne ya mayar da ke ɗakin da ke jikin injin wuta, inda sai yaro ya ɗaga murya kafin a ji damuwarsa. Kika sayo labule mai kauri da kujeru biyu masu tsayi ɗaya, kika ci gaba. Yanzu da ƙasa ta rufe idonki, ya sanar cewa za a miƙa wa iyaye fayilolin 'ya'yansu, wai don a ci gaba da kulawa. Ya sani sarai cewa a cikin yaran nan akwai waɗanda abin da suke tsoro yana cikin gidan da za a kai takardar. An kira ni ma, aka ce in zo in karɓi na 'yata. Na ce ba nawa ba ne. A wurinki na koyi amsar.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa na 'ya'yan mutane. Ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki biyu, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Wani ma'aikacin cibiyar ya shaida mini cewa da aka buɗe akwatin ba a tarar da fayil ko ɗaya ba, domin Malama ta damƙa su ga wata abokiyar aikinta kafin a kwantar da ita a asibiti. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, cibiyar ba ta tabbatar da hakan ba.