Malam-buɗe-littafin Ummi da kaskon wuta

Ina fitowa da garwashi a kasko, 'yata Ummi ta sha gabana.

Tun farkon damina take kiwon tsutsotsin da ta tsinta a bishiyar lemun tsaminmu nan Goron Dutse, cikin bokitin fenti da ta rufe da tsohon gidan sauro. Ni da na tsere daga aji huɗu, ban yarda tsutsa za ta yi fukafuki ba, sai yau da malam-buɗe-littafi guda ya fito.

To ana yayyafi, ga sanyi, ya lafe ya ƙi motsi. Ummi ta fara ƙwalla, shi ne na ce bari in gasa shi kamar mai jego.

"Baba, tsire za ka yi da shi? Hayaƙi zai kashe shi!"

"To likita, yaya za a yi?"

"Miƙo yatsanka, hannunka da ɗumi."

Ta ɗora mini shi. Na ƙame kamar soja har kafaɗata ta sage, sannan ya buɗe fukafukansa a hankali, ta ɗauke mu hoto da wayata. Da rana ta leƙo, ya tashi abinsa.

Alhamdulillahi, ashe wannan hannun mai kaushi ma yana raya wani abu. Ku me 'ya'yanku suka taɓa koya muku?