Hoton Jan Bijimi a Rautar Dogo

Sunansa na yanka Abdurra'uf, amma in ka shiga kara, wato kasuwar shanun Maigatari, ranar Alhamis kana cigiyar Abdurra'uf, sai ka wuni ba ka sami wanda ya san shi ba. Ka ce Dogo dillali, yanzu a nuna maka shi can tsakiyar shanu, kansa ya zarce na kowa, yana faɗa da wani. Shekara talatin da huɗu ke nan yana tasowa daga Gumel zuwa wannan kasuwa. Wurin kawunsa ya gaji dillanci, ya haɗa har da saurin fushin kawun. Sai dai ko masu jin haushinsa sun yarda da abu guda: Dogo ba ya sa hannu a dabbar da bai san inda ta fito ba.

Da can idonsa da ƙwaƙwalwarsa ne shaidarsa. Da wayoyi masu ɗaukar hoto suka zo, sai ya kafa wa kansa doka. Duk wanda ya kawo masa sa ko saniya, sai ya riƙe igiyar dabbarsa an ɗauke su hoto tare. Wanda ya ce shi ba ya son hoto, Dogo ya ce masa, "To ja abinka ka yi gaba, kara da faɗi." Mutanen Damagaram har suna suka sa masa, wai mai salula.

Matsalar ita ce waya ba ta daɗewa a hannun Dogo. Ta farko ta faɗa kwamin shayar da shanu. Ta biyu raƙumi ya take ta. Kowacce kuma ta tafi da hotunan da ke cikinta.

'Yarsa Muhsina, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a nan Gumel, ita ta gaji da jin labarin. Wata Asabar ta zo gida da wani farin akwati mai ƙahoni biyu, ta ɗora shi a kan kanta a falon mahaifinta.

"Baba, wannan rauta ce, na'urar raba intanet, amma mai ma'ajiya a cikinta. Da ka shigo gida wayarka za ta kama ta, duk hoton da ka ɗauka ya kwafu a ciki. Ba sai ka taɓa komai ba."

"Abin da ban taɓa ba, ta yaya zan san ya yi aiki?"

"Ka ga fitilar nan? In koriya ce, lafiya lau."

"In ja ce fa?"

"Sai ka kira ni."

Ya kuwa kira ta. Ya kira ta tana cikin aji, ya kira ta tana gidan suna, ya kira ta ranar da fitilar ta koma ruwan ɗorawa, kalar da ba a yi da shi ba. Wata rana ya tarar matarsa Larai ta lulluɓe akwatin da ƙyallen da ta saƙa da kwarashi, wai don ya yi kyau, abu ya yi zafi kamar an sauke shi daga murhu. Wata rana kuma ya iske ta zare wayar wutarsa ta jona firjin da take daskarar da zoɓon sayarwa, don solar gidan ba ta ɗaukar biyu in rana ta yi sanyi. Lambar sirrin shiga rautar kuwa, Larai ta bai wa maƙwabciya ɗaya tak bisa amana, kafin mako ya zagayo sai ga matasa jere a jikin katangar gidan kowa ya sunkuyar da kai a waya. Datar wata guda ta ƙare a kwana huɗu.

"Ni dai ban taɓa ganin sirrin da unguwa duka ta haddace ba," in ji Dogo.

"Haba Malam, iska ce fa kawai suke ɗiba," in ji Larai.

A haka aka yi wajen shekara. Waya ta uku ta sulale daga aljihunsa a bayan motar kasuwa, tirela ta bi ta kanta. Ya sayi ta huɗu, ya ci gaba da harkarsa.

Bayan kaka, wata Alhamis, aka aiko sarkin kara na kiransa. Ya tarar da wani siririn Bafulatani a tsaye da sanda a kafaɗa, sunansa Hamma, daga wata ruga kusa da Ɗanzomo. Hamma ya ce da damina ya tafi da garke arewa, ya bar jan bijiminsa a gida saboda ciwon ƙafa. Da ya dawo babu bijimi, kuma duk wanda ya tambaya a rugar sai ya sunkuyar da kai. Ƙanensa Sajo, wanda ya bar wa amanar gida, ya bi motar shanu Kudu, lambarsa ba ta shiga. Hamma ya yi ta yawon cigiya har ya ga bijimin ɗaure a gidan wani mai turka, wato mai kiwon shanun sayarwa, a Gagarawa. Mai turka ya ce shi ta hannun Dogo ya saya.

Ran Dogo ya ɓaci, har wuyansa ya ƙara tsawo. Jajayen shanu nawa suka bi ta hannunsa a daminar nan? Sun fi ɗari. Ya ce yana da hoto. Sarkin kara ya ce a nuna. Sai a lokacin ya tuna wayar da ta ɗauki hoton tana can ta zama gari a kan kwalta.

"Yana gida," ya ce, "cikin akwati."

Wasu dillalai suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Sarkin kara ya ba shi zuwa Alhamis mai zuwa, in babu hoto magana ta wuce gaba.

Ranar Juma'a da hantsi Muhsina ta zo da kwamfutarta ta buɗe ma'ajiyar. Ta dafe kai.

"Mene ne?"

"Baba, hotuna dubu goma sha ɗaya ne da ɗoriya."

"Ni na ɗauki dubu goma sha ɗaya?"

Ashe tun ranar farko Larai ta sa an haɗa tata wayar ita ma. Kuma da Muhsina ta so raba wa kowa wurinsa, Dogo ne da bakinsa ya ce gida ɗaya ne, ba a raba masa gida. Ga shanu nan cakuɗe da atamfofi, da leshi, da amaren da babu wanda ya san su, da jarirai, da samfurin gadaje.

"To ki duba watan Agusta kawai."

Ta duba. Babu Agusta. Tsohuwar wayarsa duk lokacin da ya cire batir ya hura masa iska ya mayar, sai kwanan watanta ya koma farkon Janairun wata shekara can baya. Rabin shanun duniya a rana ɗaya aka ɗauke su.

Dogo ya juya kan Larai. Ya ce in ma hoton bai shiga ba, ita ce da firjinta. Larai ta ce ita dai ba kullum take zarewa ba, sai ranar da hadari ya rufe rana. Ya ce ai damina kullum hadari ne. Muhsina ta ce a'a, ko an kashe rautar yau, gobe in an kunna za ta kwashe na jiya, sai dai in mai wayar ne ya rufe hanyar daga nasa ɓangaren.

"Baba, kana taɓa wata alama mai kama da mafici a saman wayarka?"

Dogo ya kalli rufin ɗaki. Wani ne ya gaya masa a kasuwa wai ita ke shanye caji. Wasu makonnin yakan kashe, in ya tuna ya kunna.

Yadda Larai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta fita ya fi masa magana ciwo.

Suka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Sa, atamfa, atamfa, saniya, amarya, sa. Kafin azahar idanun Dogo sun fara ruwa. Da ya fito zuwa masallaci, sai ga Hamma zaune a ƙofar gidansa, ya jingina sanda da bango. Bai zo faɗa ba, ya zo jira ne kawai. Washegari ma ya dawo. Abin da ya fi ƙona wa Dogo rai shi ne Larai ta aika wa mutumin da kwanon fura.

"Mutum yana neman ɗaure ni, ke kina dama masa fura!"

"Baƙo ne a ƙofarka, Malam. In an ɗaure ka ma ai ba za a ce matarka marowaciya ce ba."

Ranar Lahadi sun wuce hoto dubu shida, Dogo ya kai inda duk jajayen shanu iri ɗaya yake ganinsu, shi da ake cewa yana gane saniya daga tafiyarta. Muhsina ce ta ce a shigo da mai bijimin ya duba da kansa. Dogo ya ce sam. Bayan rabin sa'a ya fita ya kira shi.

Aka kai kwamfuta zaure. Hamma ya tsuguna gabanta nesa kaɗan. Muhsina ta jera hotunan ƙanana-ƙanana, hamsin a shafi guda, tana turawa. Ko sunkuyawa bai yi ba, sai dai ya ce "wuce", "wuce". Dogo yana gefe yana cewa a wannan gudun me za a gani. Ba a yi minti ashirin ba Hamma ya miƙa yatsa.

"Ga shi."

Ta buɗe hoton. Jan bijimi ne mai dogayen ƙahoni, da tambarin lalas biyu a cinya. Wanda ke riƙe da igiyar saurayi ne mai malfa, yana murmushi.

"Ka san shi?" in ji Dogo.

"Sajo ne."

"Alhamdu lillahi! Ƙanenka! To ni ina ruwana da..."

Amma Hamma ba Sajo yake kallo ba. Ya roƙi Muhsina ta ƙara girman gefen hoton. Can baya, a kan amalanke, ga wata tsohuwa zaune ƙarƙashin lema, ta kare ido da hannu. Nan take Dogo ya tuna ranar. Saurayin ne ke ciniki, amma duk tayin da aka yi sai ya waiga, tsohuwar ta girgiza kai, har aka kai inda ta ɗaga hannu.

Hamma ya ƙura wa tsohuwar ido.

"Inna ce," ya ce a hankali. "Asali ma bijimin ɗan saniyarta ne." Ya gyaɗa kai. "Shi ya sa. Shekaranjiya na hango ta tana zura zare a allura. Shekara uku rabonta da ɗinki."

Sauran bayanin daga baya ya fito, ta bakin matar Hamma. Tsohuwar ta sa an sayar da bijimin aka kai ta Kano aka cire mata yanar ido. Hamma kuwa ɗanta ne na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana baki da baki, shi ma ba ya ɗaga ido ya kalli fuskarta. Ta ji kunyar a ce ta taɓa dabbar da ya fi so, ta hana kowa faɗa. Shi kuma ya zaga ƙananan hukumomi uku yana neman ɓarawo.

Dogo ya kai maganar gaban sarkin kara ranar Alhamis, aka wanke shi. Har yau in ya tuna yakan ce, uwa da ɗa suna kwana a ruga ɗaya, taku ashirin tsakaninsu, amma shi da ke Gumel ne ya kusa kwana a ofishin 'yan sanda saboda kunyarsu.

Bai huta ba kuma. Dillalan da suka yi masa dariya suka fara zuwa gidansa da wayoyinsu, wai a zuba musu nasu hotunan a akwatin. Ya kori biyu, na uku amininsa ne, daga nan ƙofa ta buɗe.

Bayan wata guda, da safe, aka yi sallama. Hamma ne, da wata sabuwar waya har da ledarta. Dogo ya ce in wani san ne ya ɓata, a je a tambayi Inna tukuna. Hamma ya ce ba sa ba ne. Ya yi ta juya wayar a hannu, sannan ya ce hoton nan yake so a sa masa. Ba duka ba, gefen da amalanke yake. Ya ce tun yana yaro bai taɓa tsayawa ya kalli fuskar Inna sosai ba sai rannan.

Dogo ya buɗe baki zai yi faɗa, ya fasa. Ya karɓi wayar, ya ɗauko tabarau, ya zauna. Sau uku yana tura wa mutumin hoton leshi kafin ya dace.

"Riƙe," ya ce, yana miƙa masa. "Kuma ka kula da ita. In ta faɗa rijiya kada ka dawo mini nan, na gaya maka."

Hamma bai ji shi ba. Ya riga ya koma gindin bango ya tsuguna, ya kare wayar daga hasken rana da malfarsa.