Wai A Yi Haƙuri

Duk unguwar Baba Wai ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tafinta a kotu, tsaye tsakanin mai shari'a da mutanen da ba sa jin yaren da ake shari'ar da shi, yana ɗaukar maganar wannan yana miƙa wa wancan. Aiki kam ya iya, ba mai musu. Ko tsaki wanda ake tuhuma ya yi, sai Tafinta ya juya ya shaida wa kotu cewa wai ya yi tsaki.

Abin ya samo asali ne tun watansa na biyu a aiki. An kawo wani da ake tuhuma da satar akuya, mutumin ya amsa laifinsa, shi kuma Tafinta da rawar kan sabon ma'aikaci ya buga ƙirji ya fassara yadda aka faɗa: "Ni na sace ta, ni na yanka." Akwai wani kurtun ɗan sanda da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa, ya farka daidai nan, bai tsaya tambaya ba ya zo ya maƙala masa ankwa. Makullin kuma yana aljihun sajan, sajan ya tafi cin abinci. Haka bawan Allah ya ƙarasa zaman ranar hannu a ɗaure, ɓarawon akuya yana yi masa jaje. Tun daga ranar bai ƙara sakin magana tsirara ba, sai ya ɗaura mata "wai" a gaba.

Da a kotu abin ya tsaya da da sauƙi, amma ya biyo shi har gida. Lokacin da yake neman matarsa, cewa ya yi da ita wai ana son ta. Mako biyu ta yi tana leƙen bayansa ko za ta hango wanda ya aiko shi. Duk da haka ta aure shi, suka yi shekara talatin da uku, suka aurar da 'ya'ya huɗu. Tela ce, Mama Tela ake ce mata, mace mai yawan aiki da ƙarancin magana. In ta yi girki ya yi daɗi, sai ya share kwano tas ya ce wai miyar ta yi. In zazzaɓi ya kwantar da shi, wai ba a jin daɗi. Ta saba, ko kuma shi ya ɗauka ta saba.

Da ya yi ritaya, shekara uku ke nan yanzu, sai zama ya ishe shi. Ya gyara rediyon da bai lalace ba har ya lalace. Ya koma bin Mama Tela ɗakin ɗinki yana fassara mata abin da masu kawo ɗinki suka ce, alhali yare ɗaya suke ji. Ita ce ta gaji ta tura shi ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa, wadda take yi wa ɗinkin kaya. Suna haɗuwa duk Asabar da yamma a wani zaure bayan laburare, mai benci tara da fanka mai fiffike biyu, dandamalin kuwa teburan makaranta ne aka haɗa aka ɗaure ƙafafunsu da waya. Shugaban wani malamin sakandare ne da ba ya amsa kira sai an ce Darakta, mutumin da ke naɗa mayafi a wuya ko ana narkewa don zafi.

Sau shida Tafinta yana zuwa gwajin fitar da 'yan wasa, sau shida yana faɗuwa. Haddar takarda ba ta yi masa wuya, murya ga ta, tsayuwa ga ta. Amma da aka gwada shi a kwamandan soja, ya miƙa hannu ya daka tsawa wai a kama shi, sai sojojin suka tsaya kallon juna suna jiran a tabbatar. Da aka gwada shi a attajirin da aka sa wa guba, ya faɗi da kyau, ya shure-shure, ya sanar da zauren cewa wai ya mutu. Darakta sai da ya fita waje ya sha iska. Ƙarshenta kullum ɗan aike ake ba shi: ya shigo ya ce wai mota ta iso, ya fita. Nan kam babu kamarsa, har tafi ake masa.

Tafin nan ciwo yake masa. Mutane dariya suke, shi kuwa in ya koma bayan labule sai ya ji zuciyarsa ta yi nauyi. Shekararsa sittin da uku, ya isar da rantsuwar mutane, da ƙaryarsu, da kukansu, amma bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya faɗi magana a ce tasa ce ba. Abin da yake so ke nan, sau ɗaya kafin ya mutu. Ba ya gaya wa kowa, don ko ya faɗa da wai zai faɗa.

Sai ga wasa na bakwai. Labarin wani maigida ne da ya ɓata wa matarsa, a ƙarshe ya durƙusa gabanta ya ce: na yi kuskure, ki yafe mini. Tafinta na karantawa ya ji duk duniya wannan matsayin yake so. Darakta ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya: wannan ne gwajinsa na ƙarshe a manyan matsayi, in "wai" ɗaya ta fito, ya haƙura da ɗan aike har abada. Abokin takararsa kuma Mai Kemis ne, wani mai rina gemu da ke shafa man zafi ƙarƙashin ido don hawaye su zo. Kowa ya san yana yi, warin ma har benci na uku ake ji, amma Darakta sai ya ce baiwa ce.

Tafinta ya duƙufa. Gaban madubi maganar takan fito sumul, sai dai durƙuson ne ke ba shi matsala, don barandar gidan ƙarama ce, kullum gwiwarsa sai ta bugi wani tsohon keken ɗinki da ke jingine a kusurwa. Baƙi ne, na ƙafa, bel ɗinsa ya tsinke tun da daɗewa, Mama Tela kuma na lantarki take aiki da shi yanzu. Ran nan ta tafi kasuwa sayo zare, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya wuce da kurarsa, Tafinta ya yafito shi ya ce ya ɗauke kyauta. Ya san sarai keken mahaifiyarta ne, a kansa ta koyi ɗinki tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Ya san duk Juma'a sai ta goge shi. Amma gwiwarsa na zugi, gwaji saura kwana goma sha ɗaya, ya ce a ransa ai ƙarfe ne.

Da ta dawo ta tsaya tana kallon sawun ƙafafun keken guda huɗu a kan siminti. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ya bi unguwa uku yana cigiyar mai kurar, ba labari. Ya dawo da yamma ya tsaya bakin ɗakin ɗinki, ya gyara murya ya ce wai a yi haƙuri. Ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kanta kan ɗinki. Daga ranar abinci yana zuwa a kan lokaci, wanki yana fita, guga ba ta fashi, amma magana ta ɗauke ɗif. Fili kam ya samu, durƙuso ya yi kyau, sai dai gidan ya zama kamar kotu ranar hutu.

Ranar gwaji zauren ya cika, don labari ya zaga cewa yau ake yin ta ta ƙare da Baba Wai. Wadda za ta fito a matar maigida wata nas ce, aiki ya riƙe ta a asibiti. Mai Kemis ya ce shi sai ta iso, ba zai yi asarar hawayensa ba. Darakta ya duba agogo, ya duba zaure, idonsa ya faɗa kan Mama Tela da ke zaune gefe tana kalmasa bakin labule, allurai uku a bakinta. Shi bai san me ake ciki a gidan ba, mutum ne da ba ya ganin komai sai takardarsa. Ya roƙe ta ta ɗan tsaya ta karanta layi ɗaya kawai. Tafinta ya yi addu'ar ta ƙi. Ta soke allurarta a labule, ta miƙe, ta hau dandamali.

Ta karɓi takardar, ta duba sau ɗaya, ta sauke ta. Ta zare alluran daga bakinta.

"Me kuma ya rage da za ka faɗa mini?"

Haka yake a rubuce, amma ba wanda ya ji kamar karatu. Tafinta ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, teburin ya amsa. Ya buɗe baki, ya ji "wai" ta taso tun daga ciki, ta zo ta zauna a leɓensa, har leɓen ya tattare. 'Yan benci na gaba suka fara zungurar juna. Mai Kemis ya zura hannu aljihu yana laluben kwalbarsa. Tafinta ya ɗaga kai ya dubi matarsa, ya ga zaren da ya maƙale a ɗankwalinta, ya ga yatsanta da allura ta cinye, ya ga ba ta sa ran komai daga gare shi. Wannan ne ya fi yi masa zafi. Ya haɗiye abin da ke bakinsa da ƙyar.

"Keken nan na mahaifiyarki ne," ya ce. "Na sani, na kuma bayar. Ba wanda ya sa ni, ni na bayar. Na yi kuskure. Ki yafe mini."

Darakta yana ta buɗe shafuka yana neman inda aka rubuta keke, yana share ido da gefen mayafinsa. Mama Tela ta daɗe tana kallon mijinta. Sannan ta ajiye takardar, ta sauka, ta koma wajen labulenta. Sau uku tana ƙoƙarin zura zare a allura yana ƙi.

Daidai nan nas ta shigo da sauri da kayan aikinta a jiki. Darakta ya ce magana ta ƙare, a shekara goma sha biyu bai taɓa ganin irin wannan ba, matsayin na Tafinta ne. Abu ɗaya ya rage, ya maimaita da nas don a ga yadda suka dace, a cire keken kawai. Nas ta hau, ta karanta layinta da kyau. Tafinta ya tsaya yana kallonta, yarinya ce sa'ar 'yarsa ta uku, ba abin da ya taɓa yi mata. Ya kaɗe gwiwar wandonsa ya ce ba zai iya ba.

Darakta ya ce wasa ne fa, Baba, wasa. Tafinta ya ce ya sani. Amma shi shekara talatin da ɗaya bai taɓa ɗaukar maganar da aka yi don wani ya miƙa wa wani daban ba, wannan kuwa an riga an kai wa mai ita. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, Darakta har ya kwance mayafi, abin da ba a taɓa gani ba. Taurin kai irin na tsohon ma'aikaci, Allah ya kyauta. Tafinta ya ce wai a ba Mai Kemis. Aka ba Mai Kemis, ya hau ya yi kukansa, 'yan benci na uku suna tari. Aka rubuta sunan Tafinta a ɗan aike. Ya ga an rubuta, kuma ya ji ciwon abin sosai, don ya san ba za a ƙara kiransa gwaji ba.

Rana ba ta faɗi ba suka kama hanyar gida, ita a gaba, shi a baya da jakar kayan ɗinki. Suka wuce mai faci, suka wuce shagon aski, suka zo kan katakon da aka gitta a kwata, inda sai mutum ɗaya-ɗaya ke wucewa. Ta haye, ba ta waiwayo ba, ta yi magana a hankali.

"Wai an yafe."

Ya tsaya cak a tsakiyar katakon. Murna ta taso masa, ta zo rabi ta tsaya. An yafe ɗin ne, ko ji ta yi ana faɗa? Wa ya yafe? Maganar ga ta a kunnensa, amma ba inda zai kama ta.

"In ji wa?"

Sai a lokacin ta juyo. Idonta ya yi ja, amma bakinta na son yin dariya.

"Shekara talatin da uku ina wannan tambayar a raina, Malam. Kai ma ka ɗan riƙe ta zuwa gida."

Ta juya ta ci gaba da tafiyarta. Wani mai keke ya danna masa ƙararrawa a baya yana neman hanya. Daga nan zuwa gida tafiyar minti biyar ce. Ya gyara riƙon jakar, ya ƙara sauri.