Yadda tele ta ci zakarana

Wata ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Dogon Dutsi, bayan an gama ɗaurin gero, a shekarar da lakwal, wato makarantar boko, ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita, muka rabu ba wanda ya yi kukan wani. Ina zaune bakin zaure ina ɓare wa zakarana gujiya, sai ga amalanke ta tsaya, Kawu Arzika, ƙanen innata, yana bisa kwali ya harɗe kamar sabon mai gari. Daga Ingilishi ya dawo, wato Najeriya in ji ku ƴan yanzu, ya sayo wani baƙin akwati da ake ce wa manyato, wanda ke haɗiye kaset ya fid da mutane cikin tele. Tele kuwa yana da ita tun bara, ta Yamai, mai launi, an yi mata riga da atamfa kamar ɗiyar gida.

Kafin in ci gaba, ku san zakaran nan nawa, Barkono. Kakata ta ba ni shi yana ɗan tsako, ni na raine shi da garar da nake haƙowa a hanyar gona, ina komowa daga korar tsuntsaye da ƙoƙo cike. Ya girma ja zur, wuyansa na ƙyalli kamar an shafa mai. In na tafi rijiya yana bayana, in muna langa a fage yana bisa darni yana kallon wanda zai faɗi, kuma duk unguwa babu zakaran da bai taɓa kora ba. Mushe, malamin ajinmu, ya sha cewa kaina babu kome ciki. Gaskiyarsa, amma Barkono bai taɓa faɗa mini haka ba.

Bayan la'asar aka tada injin wuta, aka rataya tabarma a ƙofar zaure don a yi duhu, manya a gaba, mata daga baya, mu yara a ƙasa muna shaƙar warin ƙafafu. Manyato ya haɗiye kaset. Mutanen Indiya suka fito, amma duk kamar sun yi birgima cikin toka, bakinsu na motsi, ba abin da ke fita sai shuu irin na ruwa bisa kwano. Kawu ya rantse a can ya gani da idonsa, ja da kore da ruwan ɗorawa. Abin haushi, da tashar Yamai ta buɗe da maraice launi ya dawo ras, a mayar da igiyar manyato kuma sai toka. An buga, an hura, an goge kaset da kananzir, an shanya shi a rana, an juya igiyoyi gaba da baya. Mutanen unguwa suka fara kiran Kawu mai silman toka, shi kuwa ya daina fita majalisa.

Daga nan aka ɗauko Nomau, wani ɗan bori daga wajen Matankari. Ya sunsuna manyato, ya kara kunne, ya yi gyatsa, ya ce Kawu ya ƙetare iyaka da rana tsaka bai gaida doguwa, aljanar da ke cikin tsamiyar wurin, ba, ita ce ta shanye launin. "Ja ta sha, da ja za a biya ta," in ji shi. Sai na ga idanu suna juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa inda Barkono ke tonon ƙasa.

Ban tsaya jin sauran ba. Na sunkuce shi na jefa cikin rumbun bayan gida, na ɗaure masa baki da zaren kaba, na roƙe shi don Allah ya yi shiru. Aka yi ta nema, ni ma ina cikin masu nema, har da leƙa rijiya. Shi kuwa gogan ya kwance zaren, ya ci gero ya ƙoshi, da hantsi Kawu na tsaye gindin rumbun sai ya saki cara irin wadda bai taɓa yi ba tun da aka ƙyanƙyashe shi. Na yi kuka na yi birgima. Inna ta ce mini kawai, "Haƙuri, ɗan nan, kawunka ne."

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Nomau ya yanka shi bisa manyato, ya kwaɓa jinin da man shanu da toka, ya shafe gilashin tele da tafin hannu, ya cusa gashin cikin ramukan bayanta. Aka kunna. Da ta ɗauki zafi sai wari ya tashi, ƙarnin jini da ƙaurin gashi da tsamin mai, ƙudaje suka taru har ba ka sanin wanne ne ƙuda wanne ne ɗan Indiya. Wani zirin jini ya gangaro ta kan fuskar mai rawa, Kawu ya miƙe yana ihu, "Ga shi nan hwa, ja ya hwara zuwa!" Da aka kawo tuwo, ni aka ba kai da ƙafafu, wai rabon yaro. Na ture akushin, kuma daga ranar naman kaza bai sake shiga bakina ba.

Ana cikin wannan wari Mushe Idi, malamin lakwal da ke haya a gidanmu, ya komo daga hutu. Ya toshe hanci ya duba bayan akwatunan, ya ce Faransi, wato nan wajenmu, da tata hanyar aika launi, sekam, Ingilishi da tata, pal, tele ta wannan ce, manyato na waccan, dole sai an sa musu tafinta. Ya sa aka aiko daga Yamai da wani ɗan akwati kamar kwalin sukari, igiya ta shiga nan ta fita can. Launi ya zo, murya ta zo. Nomau ya ce aikinsa ne ya nuna, doguwa ba ta son gaggawa, Kawu kuwa ya gode wa su biyun, ya koma majalisa da sabuwar hula. Ni na dubi jan zanen matar da ke rawa a ciki, wallahi bai kama ƙafar wuyan Barkono ba.

Yanzu ɗana Sani yana da tele faɗin ƙofa, kaurin faifai, da dekoda, da lasifikoki a kowace kusurwa, bayanta igiyoyi sun cukuikuye kamar hanjin akuya. Don a kalli tsohon kaset ɗin bikin sunansa sai da aka jera tafintoci, wannan na fassara wa wancan. Jikata Hadiza ke danna abin hannu tana sauya su, ita kaɗai, kowa na ɗakinsa da wayarsa, ba tabarma a ƙofa, ba warin ƙafafu. In gilashin ya yi baƙi ta ce, "Kaka, babu sinyal," sai in leƙa tsakar gida in ce wa kajin su yi shiru, ta yi ta dariya ba ta san dalili ba.

Launi dai ya samu. Barkono ne bai komo ba.