Ranar da Fasto Habila Ya Ɗaure Kayansa

Wata rana, ana tsakiyar yankan dawa, na je gaida Gwaggo Kande a wani ƙauyen Hausawa Kirista da ke ƙasar Katsina.

Na tarar da garin a tsaye.

Ba wanda ya tafi gona. Mata sun bar turmi da taɓarya a tsakar gida. Samari sun yi cirko-cirko a ƙofar majami'a, wannan ya zauna ya miƙe, wancan ya je ya dawo.

Na ce, "Gwaggo, rasuwa aka yi?"

Ta ce, "Da ma rasuwa ce, da mun san abin yi."

Ta ja ni gefe ta warware mini zare da abawa.

Tun zamanin iyayensu, daga hedkwatar ikilisiya ake turo musu fasto. Can ake yanke komai, su nasu amin. Ko gangar da suke so su yabi Allah da ita an hana, wai kayan maguzanci ne.

Suka yi ta roƙo a ba su gundumarsu, 'ya'yansu su riƙe ikilisiyarsu. Aka ce ba su isa ba tukuna. Rigima ta kai har wasu suka koma yin sujada a gindin tsamiya, wa da ƙane ba sa gaisawa ranar Lahadi.

A wannan shekarar aka amince. Suka zaɓi ɗan garin, Rabaran Nomau, ya zama shugaba.

To, saura Fasto Habila.

Shi ne faston ƙarshe da hedkwata ta turo. Ya zo yana saurayi daga wani gari mai nisa, ya tsufa a nan. Matarsa a nan ta rasu, a maƙabartar majami'a aka sa ta.

Samari suka ce ya tattara ya koma inda ya fito. Har sun kira akori-kura, tana tsaye a ƙofar gidansa.

Na ce, "Gwaggo, tsoho ne fa."

Ta ce, "Ba ka san abin da ya yi wa Nomau ba."

Mahaifin Nomau ya karɓi bangaskiya yana da mata biyu. Aka ce sai ya sallami ɗaya kafin a yi masa baftisma. Ya ce ba zai wulaƙanta uwar 'ya'yansa ba. Da ya rasu, Fasto Habila ya tsaya a ƙofar maƙabarta ya ce doka ba ta yarda ba.

Nomau da hannunsa ya haƙa kabarin ubansa a gefen gonarsu.

Muna cikin magana sai hayaniya ta tashi. Muka nufi wurin, Gwaggo na gyara ɗaurin zani.

Tsohon ya fito da ƙullin kayansa. Yana ta fama, igiya ta ƙi ɗauruwa. Ba wanda ya taya shi.

Sai ga Rabaran Nomau a kan babur. Jama'a ta dare. Wani saurayi ya ce, "Yau rana ta juya!"

Nomau bai kalle shi ba. Ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, ina za ka?"

"Gida, ɗana."

"Wane gidan? Mama, matarka, tana kwance a bayan majami'ar nan."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni ne fa na hana a sa mahaifinka a can."

"Na sani, Baba. Ban manta ba, ba kuma zan ce maka ya daina yi mini ciwo ba. Amma riƙon gidanmu muka nema. Ba mu nemi ikon kora ba."



Sai aka shiga gunaguni. Wasu samari suka kaɗa riga suka tafi. Ɗaya ya waiwayo ya ce, "Mun zaɓe ka, ka sayar da mu!"

Nomau ya ji, ya haɗiye. Ya ɗauki ƙullin kayan ya mayar ɗaki, ya ba mai mota haƙuri.

Da ya fito, tsohon na nan inda ya bar shi. Tsohon ya ce, "Ka kai ni wurin mahaifinka."

Suka kama hanyar gona a ƙafa, tsohon na dogara sanda. Muka bi su daga nesa, ba wanda ya gayyace mu.

A gefen gonar akwai ɗan tudu da aka kewaye da duwatsu. Fasto Habila ya ajiye sandarsa, ya durƙusa da kyar. Ban ji duk abin da ya faɗa ba. Na dai ji ya kira sunan mamacin, ya ce, "Na riƙe doka, na saki mutum. Ka gafarta mini, Allah ya gafarta mini."

Gwaggo Kande ta rufe fuska da gefen mayafi.

Kada ku zaci komai ya gyaru nan take. Gwaggo ta ce har yanzu akwai samarin da ba sa gaida tsohon, akwai kuma masu jin haushin Nomau. Amma masu sujada a gindin tsamiya sun fara komawa majami'a da ɗaiɗai.

Tun da na dawo abin ya ƙi barin raina. Ina ta tambayar kaina, da ni ne na haƙa wannan kabarin, da zan iya durƙusawa?

Har yanzu ban sami amsa ba.

Darasi: Duk wanda aka daɗe ana dannewa, ranar da ragama ta shigo hannunsa ita ce ranar jarrabawarsa. Karɓar 'yanci haƙƙi ne. Amma in ka karɓe shi don ka yi wa wani abin da aka yi maka, azzalumin kawai aka canja, zaluncin na nan.

Kana da wanda ya sami sabon muƙami, ko wanda ke riƙe da tsohon ciwo? Tura masa wannan. Wataƙila yau yake bukatarsa.