Kitson Iya Hansai

A Unguwar Shanu an san Iya Hansai da kitso kawai. Zaure ɗaya take haya, da tabarma da ƙaramar kujera, da kibiyar ƙarfe da gwangwanin man shanu. Ni kuwa ban san da ita ba sai a shekarar 1991, bayan rasuwar 'yata ta fari.

Yarinyar tana shekarar ƙarshe a jami'a a Zariya, tana karatun tarihi, tana rubutu a kan matan gidan sarauta waɗanda ba a sa sunayensu a jerin sarakuna. Motar da ta ɗauko ta zuwa Kaduna ta yi haɗari, jakar da ke ɗauke da kaset-kaset ɗinta da takardunta ba a gan ta ba. Bayan wata huɗu na buɗe akwatinta a gidanmu na Malali, na tarar da ƙaramin littafi. Zanen kitso goma sha ɗaya ne a ciki, kowanne da lamba, babu suna ko ɗaya. A bangon ta rubuta: Iya Hansai, Unguwar Shanu. Aikin shekara biyu, abin da ya rage ke nan. Idan tsohuwar ta rasu ko ta manta, ya tafi gaba ɗaya.

Na je ranar Asabar, yadda na saba zuwa aiki a ma'aikatar ilimi: da rakoda, da tambayoyi a rubuce. Na same ta tana da rai, 'yar siririya, ta haura saba'in. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce yarinya ce mai zama da kyau, ba ta motsi. Na ɗora rakoda a tabarma na karanta tambaya ta farko. Ta dubi na'urar, ta dube ni, ta ce ita ba ta san tarihi ba, a tambayi maza masu rawani. Sau uku ina zuwa. Na samu labarin rayuwarta dai: an haife ta a gidan sarautar wani ƙaramin gari a ƙasar Katsina, uwarta Delu ce mai yi wa matan gidan kitso, ta auri direba mai suna Rabe, ya kawo ta Kaduna, ya rasu ya bar ta da kibiyar uwarta. Amma game da mata goma sha ɗayan da nake zaton zanen nasu ne, ko kalma. Na yanke a raina tsufa ya cinye su.

A zuwa na huɗu na yi niyyar sallama ce kawai. Ina miƙewa ɗankwalina ya zame. Tun ranar rasuwar ban tsefe kaina ba.

"Hajiya, mi ne wannan?" in ji ta. "Ke da digiri, kai kamar sheƙar angulu? Zauna."

Na zauna a tabarma, ta sa kaina tsakanin gwiwoyinta, ta ɗauki fiye da awa tana tsefewa tana mita. Da ta gama ta tambayi wanne nake so. Ban san sunan ko ɗaya ba, sai na buɗe littafin na nuna na farko.

Ta ja tsaga daga goshi zuwa ƙeya. Tana kama gashin sai muryarta ta sauya, ta koma kamar mai bitar karatu. Ta ce wannan na Magajiya Yalwa ne, ƙanwar sarki, wadda a shekarar fari ta buɗe rumbunan gidan ba tare da ta jira yayanta ya dawo daga tafiya ba, kuma da ya dawo ta ce masa ya ƙirga mutane kafin ya ƙirga damma. Layi bakwai ne kitson, saboda rumbuna bakwai. Kowane layi da nasa zancen, kuma ba ta fara na gaba sai ta ɗaure na baya.

Na ce, "Iya, ai kin ce ba ki sani ba."

"Da baki ban sani ba. A hannu yake. Haka uwata ta ba ni, kai a cinya. Ke kin zo mini da akwati mai magana, shi yana da gashi?"

Sai a lokacin na gane abin da ya sa yarinyar take dawowa gida kowane hutu da sabon kitso, ni kuma ina yi mata faɗan ɓata lokaci.

Kitso ɗaya yana yin mako biyu, ita kuma ba ta yarda a tsefe shi kafin ya tsufa. Saboda haka wata biyar da rabi muka yi. Duk Asabar ta biyu nakan zo da fargabar in tarar da zauren a rufe, sau ɗaya kuwa zazzaɓi ya kwantar da ita har na cire rai. Ta tashi. Rakoda tana gefe a kunne, ta daina kula ta. Na ji labarin Hassana, matar sarki da ta riƙa koya wa 'yan matan gidan karatun allo a ɗakinta; na ji na Mero, jakadiyar da ta yi tafiyar kwana uku a ƙafa ta sasanta garuruwa biyu a kan rijiya. Wasu labaran gajeru ne ƙwarai. Ɗaya daga cikin matan, sunanta kawai ya rage da yadda take son a karkata mata tsaga.

Ranar na goma sha ɗaya, da ta ɗaure layin ƙarshe, ta jero waɗanda abin ya bi ta hannunsu kamar yadda aka koya mata: kakarta, uwarta Delu, ita kanta. Sannan ta ce, "Binta ta ji daga gare ni. Uwar Binta ta ji."

Ni ban taɓa kiran sunan ba, kunyar 'yar fari. Na ji shi a bakinta, na ga ya zauna daidai a wurin.

Na rubuta sunaye goma sha ɗaya a ƙarƙashin zanen, kowanne a lambarsa. Na kwafi kaset ɗin gida uku, na kai ɗaya sashen tarihi na jami'ar. Iya Hansai ta rasu a 1996. Har zuwa lokacin ita ke yi mini kitso, kuma ba ta daina cewa ina motsi da yawa ba.