Moton Kawu Abdulbaƙi

Shekara ashirin da uku Kawu Abdulbaƙi ya yi yana gyaran wuta a wata masaƙa a Kano. Da aka rufe ta ya dawo Wudil, ya koma gyaran fanka da dutsen guga a ƙofar gida. Bara ya ji ana farfasa injinan masaƙar ana sayarwa a kilo. Ya tafi da safe, ya dawo da la'asar a bayan a-kori-kura, rungume da wani ƙaton moton lantarki wanda sai da mutum huɗu suka sauke.

A rumfar ƙanensa Kawu Garzali ya ajiye shi, kafinta ne a Sabon Garin Wudil. Wata bakwai moto yana kwance ana tuntuɓe da shi. A satin da na dawo daga karatun injiniya a Indiya haƙurin Kawu Garzali ya ƙare.

"Yaya, ran Juma'a 'yan gwangwan za su zo. In bai juya min zarto ba, guduma za su sa masa su kwashe jan ƙarfen."

"Su sa wa kanka," in ji Kawu Abdulbaƙi.

Aka kira ni in duba. Moton na masana'anta ne, layin wuta uku yake ci, rumfar kuwa layi ɗaya ke gare ta. Farantin da ke ɗauke da bayaninsa ya ɓalle. Wayoyi shida sun leƙo daga cikinsa, duk baƙaƙe. Na ce gaskiya ban san wacce ce wacce ba, kuma ina tsoron ya ƙone.

"To ka ji Injiniya," in ji Kawu Garzali.

"Injiniya jiya ya fara ganinsa," in ji Kawu Abdulbaƙi. "Matso nan, ɗana."

Ya goge wayoyin da tsumma. A wuyan kowacce akwai zaren saƙa da ya dafe da maiƙo: ja a uku, fari a uku, an ƙulla wasu sau ɗaya, wasu biyu, wasu uku. Shi ya ɗaura su da hannunsa tun a masaƙar, shekarar da lambobin wayoyin suka goge. Ja farkon naɗin wayar cikin moton ne, fari ƙarshensa. Na gwada da mitar awon wuta, babu wanda ya saɓa.

Ya haɗa su bibbiyu, suka zama baki uku. Biyu ya ba su wuta, na ukun ya ɗaura masa kafasitoci, 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, da ya ciro daga matattun na'urorin sanyaya ɗaki. Kwana biyu yana ƙara ɗaya, ya rage ɗaya, yana dafa jikin moton da tafin hannu.

Ran Juma'a da hantsi, motocin shanu na ta wucewa kasuwa, mai gwangwan ya iso da sikeli da guduma. Aka kunna. Moto ya yi gurnani bai motsa ba.

"Yaya, ya isa haka. Kashe kafin ka ƙona min rumfa."

Kawu Abdulbaƙi ya kashe. Ya kwance igiyar guga, ya nannaɗe ta a bakin sandar moton, ya ce da ni, "In na ce kunna, ka kunna." Ya dafe da ƙafa ɗaya ya fizga, dattijo mai shekara sittin da bakwai.

"Kunna!"

Gurnanin ya sirance ya zama ƙara ɗaya miƙaƙƙiya. Ya ɗora bel, injin zarto ya ɗauka. Kawu Garzali ya tura katakon maɗaci da ƙarfi, moto ya shaƙe kamar zai tsaya.

"Ka gani? Ba shi da ƙarfinsa na da."

"Ni ma ba ni da shi. Tura a hankali."

Ya tura a hankali, katako ya rabe biyu. Mai gwangwan ya tambaya ko akwai wani abin da zai auna. Kawu Abdulbaƙi ya nuna masa tsohon zarton hannu da ke rataye a bango.

"Ga na ƙanena can. Moton nan kuwa, in za ka sake kallonsa sai ka fara yi masa sallama."